Targaɗen da Ya Zama Karaya: Nazari kan Idon Sawun Wani Ɗan Shekara 14

Ranar Laraba da hantsi yayansa ya goyo shi zuwa ɗakin da nake duba marasa lafiya, mahaifinsu yana biye da kati a hannu. Shekarunsa 14 da 'yan watanni, dogo ne siriri, muryarsa ta fara buɗewa. Ƙafar dama a naɗe take da tsumma, an jera karare a zagaye an ɗaure tamau da zare. Ban sa hannu ba tukuna na hango yatsun sun kumbura suna sheƙi.

Ranar Asabar da yamma abin ya faru, a filin ƙwallon unguwa. Ya kafa ƙafar dama zai juya da ƙwallo, takalmin ya maƙale a wani ɗan rami, jiki ya juya ƙafa ba ta bi ba. Ya ce ya ji wani abu ya yi ƙas, daga nan bai sake iya takawa ba. A daren aka kai shi wurin mai ɗori. Mutumin ya taɓa, ya ce targaɗe ne da 'yar gocewa, ya ja ƙafar, ya shafa mai, ya ɗaure. Washegari ya sake ja. Ranar Talata da aka kwance don a gyara ɗaurin, mahaifiyar ta ga fatar ta yi bororo, ta ce ita kam sai dai a tafi asibiti.

Da na warware tsumman na tarar da kumburi daga yatsu har tsakiyar ƙauri, da bororo biyu a gaban idon sawu, ruwan cikinsu garau. Abin da na fara nema shi ne ko jini na kaiwa ƙasa, domin ɗauri mai tsauri a kan ƙafar da ke kumbura shi ne ke kashe nama, kuma yana cikin abubuwan da ke jawo yanke ƙafar da ake ɗora wa asibiti. Alhamdu lillahi, jijiyar saman ƙafa tana harbawa, yatsu da ɗumi, yana jin taɓawa a ko'ina, kuma da na tanƙwara masa yatsun zafin bai ƙaru sosai ba. Sai na bi ƙashi da yatsa. Ƙasan idon sawu, inda mai targaɗe ke yin ihu, bai dame shi ba. Da na danna sama kaɗan, kamar faɗin yatsa biyu daga gaɓar, ya cafke hannuna.

"Sannu samari," na ce. "Nan ne?"

Ya gyaɗa kai, hawaye na zuba.

Wannan wurin da ya cafke ni a kansa shi ya sa ban yarda da maganar targaɗe ba. Dogon ƙashin yaro ba ta tsakiya yake ƙara tsawo ba. Kusa da kowane bakinsa akwai wani siririn faifai na guringuntsi, daga nan sabon ƙashi ke fitowa. Matsirar ƙashi nake kiransa idan ina yi wa iyaye bayani. Duk wanda ya taɓa zare kan ɗanyen karan dawa ya san daga ina yake cirewa: daga ɗan wurin nan fari mai laushi da ke saman gaɓa, inda karan ke girma. Haka ƙashin yaro yake. Jijiyoyin da suka ɗaure idon sawunsa sun fi matsirar ƙarfi, don haka murɗewar da za ta sa babban mutum targaɗe, shi yaro ƙashi take ɓalle masa ta wurin nan mai laushi. Matsirar ƙasan ƙashin ƙauri ita ke ba da kusan kashi 40 zuwa 45 cikin 100 na tsawon wannan ƙashin, ko da yake abin da take ƙarawa a shekara bai cika wuce rabin santimita ba.

Abin da hoto ya nuna

Na tura shi hoton ƙashi ta fuska uku: ta gaba, ta gefe, da wanda ake ɗan karkata ƙafa ciki don a ga bakin gaɓar sosai. A hoton gaba sai ga layi a tsaye, ya taso daga cikin gaɓa ya tsaya a matsira. A hoton gefe kuwa wani layin ne daban, ya tashi daga matsira ya haura ta bayan ƙashin. Ƙaramin ƙashin gefe lafiya lau.

Tun 1963 wasu likitocin ƙashi biyu na birnin Toronto a Kanada, Robert Salter da Robert Harris, suka kasa karayar matsira gida biyar, kuma har yau da rabonsu ake aiki. Na ɗaya, karaya ta bi matsira kawai a kwance. Na biyu, wanda ya fi kowanne yawa, ta bi matsira sannan ta ɓalle wani yanki na jikin ƙashin ta sama. Na uku ta gangara cikin gaɓa. Na huɗu ta keto daga sama ta ratsa matsira ta faɗa gaɓa. Na biyar kuma murƙushewa ce, wadda sau da yawa ba a gane ta sai daga baya, idan ƙashi ya ƙi girma. To hoton yaron nan ta gaba ya yi kama da na uku, ta gefe ya yi kama da na biyu. Idan ka ga haka a ɗan shekara 12 zuwa 15, karaya mai fuska uku ce: layi ɗaya a tsaye cikin kan ƙashi, ɗaya a kwance cikin matsira, ɗaya kuma ya haura ta baya.

Irin wannan karayar ba ta samun ɗan shekara 8, ba ta kuma samun ɗan 25. Dalili shi ne matsirar nan ba rana ɗaya take rufewa ba. Takan ɗauki kimanin wata 18: tsakiya ke fara zama ƙashi, sai ɓangaren ciki, sannan ɓangaren waje ta gaba ya zo ƙarshe. 'Yan mata kan riga maza da shekara ɗaya zuwa biyu. A cikin watannin nan rabin faifan ya yi tauri rabi na nan da laushi, sai karaya ta bi wuri mai laushi, da ta ci karo da mai tauri ta sauya hanya. Idan rufewar ta kusa kammala, ɗan lungun gaba ta waje kaɗai ya rage, jijiyar da ta haɗa ƙashin ƙauri da ƙaramin ƙashin gefe kan fizge shi shi kaɗai. Wannan ita ake kira karayar Tillaux, da sunan wani likitan tiyata Bafaranshe na ƙarni na 19, kuma masu ita kan ɗan girmi masu fuska uku.

Na sa aka wanke bororon aka rufe, aka yi masa rabin siminti ta baya don kumburi ya sami wurin tafiya, aka ɗaga ƙafar bisa matashi biyu, aka ba shi maganin zafi. Sannan na ce wa mahaifin ina son hoton siti, wato hoton kwamfuta da ke nuna cikin ƙashi yanka-yanka.

Malamin firamare ne, mutum mai natsuwa, ya ɗan yi shiru kafin ya ce, "Likita, ba ga hoto nan an yi ba? Wani hoton kuma na mene ne?"

Tambayarsa daidai ce, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne a wurinsa. Na ce masa, "Malam, wannan hoton ya gaya mana akwai karaya. Bai gaya mana faɗin ramin da ke cikin gaɓa ba, kuma a kan wannan ramin za mu yanke shawara, ko siminti ko tiyata." A hoton ƙashi na gama-gari sassan karayar suna hawa kan juna, sai ka ga tazara kamar ba ta kai komai ba. Ƙa'idar da likitocin ƙashi suka daɗe a kanta ita ce milimita 2. Idan tazara ko tudun da ke fuskar gaɓa bai kai haka ba, siminti ya isa. Idan ya wuce, sai an mayar da shi daidai.

Sai ranar Juma'a kuɗin suka haɗu. Hoton ya nuna ƙashin ya rabu biyu, tazarar cikin gaɓa milimita 4, kuma guntun waje ya ɗan juya. Ya nuna wani abin kuma da ya zame mini makami a zaman da ya biyo baya: ɓangaren ciki na matsirar ya riga ya rufe.

Zaman da muka yi da iyayen

Ranar suka zo da kakar yaron ta wajen uba, kuma da ganin yadda kowa ya yi shiru da ta zauna na san ita ce mai yanke hukunci. Wani ya riga ya gaya musu cewa karayar ta taɓa wurin girma, don haka tsoronsu ɗaya ne, kada ƙafar ta gajarce ya riƙa ɗingishi. Kakar kuma tana da nata: ba ta son a sa wa jikanta ƙarfe, ta ji an ce mai ƙarfe a jiki ba ya rabuwa da sanyi, kuma ba a shiga asibiti da karaya a fito da ƙafa biyu.

A nan ne nake ganin ake yawan kuskure, har a tsakaninmu ma'aikatan lafiya. Da an ji an ce matsira, sai hankali ya tafi ga tsawon ƙafa. Alhali tambayoyi biyu ne, kuma shekarun yaro ke nuna wadda ta fi nauyi. Da ƙaninsa ɗan shekara 9 ne ya karye a nan, da girman ne zai hana ni barci, domin yana da shekara shida ko bakwai a gaba. Idan gadar ƙashi ta tsiro ta haɗe wani gefe na matsira, wannan gefen ya tsaya ɗayan ya ci gaba, sai ƙafa ta riƙa karkata a hankali, shekara bayan shekara. An fi ganin haka a karayar ƙashin idon sawu na ciki, iri na uku da na huɗu. Amma shi wannan yaron matsirarsa ta riga ta kama hanyar rufewa da kanta. Ko da ta rufe gobe, abin da zai rasa 'yan milimita ne, wanda ko tela ba zai lura da shi ba wajen awon wando.

Haɗarinsa yana cikin gaɓa. Idon sawu ƙaramar gaɓa ce mai ɗauke da nauyin jiki duka, kuma guringuntsin da ya shafe fuskarta ba ya sake tsirowa idan ya cinye. Na ɗauki misalin da kakar za ta gane, na ce, "Hajiya, idan dutsen niƙa ya tsage, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, aka ci gaba da niƙa a kai, me zai sami ɗan dutsen?" Ta ce zai cinye. Na ce to haka gaɓar za ta yi, kuma ba bana ba, ba baɗi ba. Zai warke ya yi gudu, kowa ya ce an yi nasara. Sai ya kai shekarun da yake neman abincin iyalinsa ciwon ya taso, lokacin da ba wanda zai tuna da ƙwallon ranar Asabar.

Game da ƙarfen na nuna mata irinsa a tafin hannuna, kusa mai zare da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, na ce ana iya cirewa daga baya idan ta dame shi. Ta juya ta a hannu ta ce, "Wannan 'yar abar?" Ba ta ce ta yarda ba, ta dai ce wa ɗanta, "Ka yi abin da ya fi." Ya sa hannu.

Ban zagi mai ɗorin a gabansu ba, kuma ba don kara ba ne kawai. Karayar tsakiyar ƙashi a yaro, idan ba ta goce sosai ba, takan haɗe ko wa ya ɗaure ta, shi ya sa mutane suke da shaidu da yawa a kan masu ɗori. Abin da hannunsa ba zai iya ba, nawa ma ba zai iya ba: babu yatsan da ke jin milimita 4 a cikin gaɓar da ta kumbura. Inda nake da ja da shi shi ne jan da ya maimaita da ɗaurin da ya tsananta. Kowane ja kamar goga matsira ne a kan bakin ƙashi mai kaifi. Mu kanmu ƙa'idarmu ita ce a gwada sau ɗaya, ko biyu idan ya zama dole, a hankali, yaro yana barci jikinsa a sake. Karayar da ba ta shiga gaɓa ba kuma, idan ta wuce mako guda zuwa kwana goma, gara a bar ta ta haɗe yadda take da a tilasta mata.

Tiyata

Ba mu shiga nan take ba. Yanka fata mai kumburi da bororo neman ruɓewar ciwo ne, don haka muka jira har fatar ta fara yin tamoji idan an matsa ta. Ranar Litinin, kwana tara da faɗuwar, aka shiga da shi.

Bayan ya yi barci na fara gwadawa ba tare da yanka ba: aka riƙe gwiwa a tanƙware, na ja dunduniya, na juya ƙafar ciki, wato akasin yadda ta murɗe ranar da ya faɗi. A na'urar hoton ɗakin tiyata guntun baya ya koma, amma layin cikin gaɓa ya ƙi rufewa. Ban sake gwadawa ba. Na yi ɗan yanka ta gaba wajen gefen waje, ina kaffa-kaffa da wata siririyar jijiya da ke ba saman ƙafa ji, wadda ke ratsawa daidai wurin. Abin da ya hana ƙashin komawa yana nan kwance: fatar ƙashi, wadda a yara take da kauri, ta yage ta naɗe ta faɗa cikin tsagar, ga kuma gudan jini da ya fara zama nama. Na zaro ta, na wanke, ƙashin ya koma har na ga fuskar gaɓar ta zama sumul da idona.

Kusa biyu na sa. Ɗaya a kwance cikin kan ƙashin, daga waje zuwa ciki, tana tafiya tsakanin gaɓa da matsira ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ɗayar a sama da matsira, daga gaba zuwa baya, ta kamo guntun da ya haura. A yaro irin wannan ko kusa ta ratsa matsira asarar ba ta da yawa, amma tun da akwai hanyar kauce mata na kauce. A ƙaramin yaro kuwa doka ce: ba a ratsa matsira da ƙarfe mai zare, idan ya zama tilas sai da siririyar waya mai santsi da za a zare bayan 'yan makonni.

Bayan tiyata

Kwana biyu ya yi aka sallame shi da rabin siminti da sandunan dogarawa. A mako na biyu aka cire ɗinki aka yi masa cikakken siminti daga ƙasan gwiwa zuwa yatsu, da sharaɗin kada ƙafar ta taɓa ƙasa sai an cika mako shida. Na gaya wa mahaifiyar alamun da za su sa a dawo ko da tsakar dare ne: zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu su yi sanyi ko su sauya launi, zazzaɓi, ko wari daga cikin simintin.

A mako na huɗu ya dawo dunduniyar simintin ta farfashe, ƙasanta baƙi ƙirin. Sallah ta ratsa a tsakani.

"Samari, ka taka ko?"

"Kaɗan ne, likita."

Yayansa ya kau da kai yana dariya. Hoto ya nuna babu abin da ya motsa, kusoshin sun riƙe. Da siminti kaɗai muka yi masa a kan tazarar da aka matse da hannu, ban san abin da zan tarar ranar ba. Wannan ma wani abu ne da nake sakawa a lissafi idan mara lafiyar ɗan shekara 14 ne: umarnin da ka bayar daban, abin da zai faru a unguwa daban.

Da aka cire simintin a mako na shida ƙaurin ya rame, gaɓar ta yi tauri, kakar ta ce ai ga abin da take gudu. Na ce ta ba shi wata guda. Masu gashin ƙashi suka koya masa lanƙwasa ƙafa sama da ƙasa, da jan tawul da yatsu, da tsayuwa a ƙafa ɗaya. Ya fara takawa da sanda biyu, ya koma ɗaya, ya yar. A wata na uku yana tafiya ba ɗingishi, ya iya tsugunawa da zaman tahiya, wanda shi ne ma'aunin da mahaifinsa ya fi yarda da shi. Ƙwallo na hana shi sai da ya iya yin tsalle goma a kan ƙafar ba tare da ya yamutsa fuska ba, hakan kuwa sai cikin wata na huɗu.

Na ce su dawo a wata na shida da kuma bayan shekara. A ƙaramin yaro wannan bibiyar ba ta da makawa, domin tsayawar girma ba ta zuwa da zafi. Abin da muke dubawa a hoto wani siririn farin layi ne da ƙashi ke bari a daidai inda yake lokacin da aka ji ciwo. Idan layin ya yi nesa da matsira kuma yana kwance daidai da ita, girma na tafiya lafiya. Idan ya karkata ya haɗe da ita ta gefe ɗaya, gada ta tsiro a nan, kuma idan an gano da wuri, gadar ba ta kai rabin faifan ba, yaron kuma yana da sauran shekara biyu ko fiye na girma, ana iya cire ta.

Ba su zo a wata na shida ba. Sai bayan wata goma sha huɗu na gan shi, shi kaɗai, da kayan makaranta, ya fi ni tsawo. Matsirar dama ta rufe ruf, ta hagu saura ƙiris. Na tsayar da shi na auna ƙugunsa, ban ga bambancin da ido zai kama ba. Fuskar gaɓar a hoto sumul, kusoshin suna inda na bar su. Ya ce kan ta ƙasan yana ɗan taɓa shi idan ya ɗaure takalmin ƙwallo da ƙarfi. Na ce za a iya cire ta, aikin rabin awa ne. Ya tambaya ko zai sake shiga siminti, na ce a'a, sai dai ya huta da ƙwallo na 'yan makonni. Ya yi lissafi a ransa, ya ce akwai gasar unguwanni a gaba, zai zo bayan an gama.